Kiɗan Da Ba Na Kowa Ba

A gidanmu goge gado ne, yadda wasu ke gadon ƙira ko fawa. Kakana ya goga wa iskoki, ubana ya goga musu, ni ma tun yatsuna ba su gama zagaye wuyan gogen ba aka danƙa mini izga. Ƙauyenmu yana can gefen Lugu, inda a wancan zamani in ka ce za ka yi salla sai a tambaye ka ko zazzaɓi ke damunka. Ubana ya rasu ba da jimawa ba bayan sojojinmu sun komo daga yaƙin Nasara. Ya bar mini gona mai yashi da gogensa, ƙwarya ce da hannu ya mayar baƙa, an rufe ta da fatar guza. Gonar na bar wa ƙannena, gogen na rataya a kafaɗa na taho Dogon Dutsi.

A Dutsi na tuba. Ba wanda ya tilasta ni, kuma ba don mace ba ne, ko da yake dangina har suka ƙare suna cewa don mace ne. Na sauka a unguwar ƴan kasuwa, ina ganin yadda suke wanke gaɓoɓinsu su jeru kafaɗa da kafaɗa, abin ya shiga raina, shi ke nan. Malamin unguwar, wani dattijo siriri mai ƙaramar murya da ya yi karatu a Argungu, shi ya koya mini alwala da Fatiha. Amma tun ranar farko idonsa na kan abin da ke rataye a kafaɗata.

"Wanga fa?" in ji shi.

"Abincina ne, Allah gafarta malam."

Goge dai malam ba ya son ko jin sunansa, bai kuwa ɓoye mini ba. Sai dai ya san mutum ba ya cin iska. Ya ce in yi wa manoma a gayya, in yi wa ƴan kokawa, in yi a suna da biki, shi zai kau da kai. "Amma ran da na ji ka kira abin da ba mutum ba, ɗayan biyu ne. Ko gogen ya shiga wuta, ko kai ka fita daga sahu."

Na yarda, don a ganina abin ba wuya. A ƙasarmu kowane kiɗa da mai shi. Take muke ce masa. Akwai taken mahauta, akwai na maƙera, akwai na manomi mai dubu, kowace doguwa da kowace iska ta bori tana da nata, da zarar ta ji ta san ana kiran ta. Ba a kiɗa haka kawai, kamar yadda ba a sallama a ƙofar da ba kowa. Na san taken iskoki sarai, don haka na san abin da zan guje wa. Shekara biyu ina bin wannan iyaka, ba a taɓa jin kaina da malam ba.

Matsalar ta zo ne wata rana da hantsi, cikin bazara. Tsagiyar gogen ta tsinke, na ɗaura sabuwa, na shafa ƙaro a izga, ina gwada murya a inuwar rumbun mai masaukina. Ban yi niyyar komai ba. Yatsuna suka bi wata hanya da ba su taɓa bi ba, na bar su, suka koma suka sake bin ta. Na tsaya na saurari kaina. Ba na manoma ba ne. Ba na wata doguwa da na sani ba ne, na kuwa san su duka. Kwana uku ina komawa inuwar nan, abin yana ƙaruwa, har ya sami farko da tsakiya da inda yake sauka. Wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun da nake riƙon goge, kuma da ina da wayo da na bar daɗin a cikina.

Rana ta huɗu na lura taɓarya ta tsaya a gidan da ke maƙwabtaka. Matar gidan ta leƙo ta saman zana.

"Mai goge, wanga na wa ne?"

"Ba na kowa ba ne."

Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya nake. Da ta ga fuskata sai dariyar ta ɗauke, ta ja ɗanta da ke wasa a gindin zanar ta shige.

Kafin kasuwa ta sake ci, maganar ta gama unguwa. Ƴan salla suka ce yaron Lugu ya zo da wata sabuwar iska a cikin ƙwarya, yana kiran ta da rana tsaka don kada a gane. Ƴan borin Dutsi kuma, da ba su yafe mini tubana ba, suka ce ɓarawo ne ni, taken wata doguwa na sata na juya shi baibai don malam ya kasa shaida shi. Kowane ɓangare ya tabbata kiɗan na da mai shi, a kan ko wane ne kawai suka saɓa. A masallaci mutumin da ke tsayawa damana ya fara barin tazara tsakanin kafaɗarsa da tawa, tazarar da akuya za ta iya wucewa. Na ji haushi ƙwarai, amma na danne.

Mutum ɗaya ne ya zo mini da fara'a, shi ne kuma na fi zargi. Mushen lakwal ne, wato malamin makarantar Nasara, Bazabarme ɗan Dosso, mai wando da takalmi, wanda ba ya rabo da ɗan littafi a aljihun gaba. Ni kuwa duk wanda ke rubuta abin da mutane suka faɗa, kuma yana gaisawa da magatakardan kumandan, Baturen mulki, da hannu, ba na sakin jiki da shi. Ya ce daga tagar aji yake jiyo ni. Ya tsuguna ya sa na kaɗa masa, ya lumshe ido yana gyaɗa kai, ni ina kallon aljihunsa. Da na gama ya ce, "Ka san abin da ka yi? Wannan shi ne lar."

Na ce ban san wannan iskar ba.

Ya ce ba iska ba ce, kalmar Nasara ce, kuma zai je ya yi wa malam bayani da kansa. Ban roƙe shi ba. Na ma so ya bari, don na san irin taimakon da ke ƙara wa mutum kaya.

Aka zauna bayan la'asar a gindin gawon da ke ƙofar malam, mutane kamar ashirin, ni a tsakiya da goge a cinya. Malam ya bar mushe ya gama zuba, sannan ya tambaye shi da ƙaramar muryar nan tasa.

"To mushe, mi ne ne lar?"

"Abin da mutum ya yi don kyau kawai, ba don amfani ba."

Malam ya nuna tulun da ke jingine a gindin itacen, mai zanen ja da fari a wuya. "Wanga tulu yana da kyau, kuma ruwa muke sha a ciki. Lar ne ko ba lar ba?"

Mushe ya ce zanen lar ne, tulun kuwa tulu ne. Malam ya ce to a fasa tulun a ba shi zanen ya tafi da shi. Aka yi dariya. Mushe bai ji daɗi ba, ya gyara zama ya sake ɗauko wata hanya. Ya ce a bar zancen amfani, lar shi ne abin da hannun mutum ya yi har ya taɓa zuciyar wani.

"Wanzami ya yi mini ƙaho jiya, ya taɓa ni har na yi hawaye," in ji wani mahauci daga baya.

Malam bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce wasiƙar mutuwa ma hannu ke rubuta ta, tana kuwa taɓa zuciya fiye da kowane goge. Mushe ya ce to sai an haɗa da gwaninta. Malam ya ce mai haƙa rijiya a ƙasar Dumega gwani ne, ya fi kowa a nan gwaninta, don in ya yi kuskure ƙasa ce za ta rufe shi. Shi ma lar yake yi? Ya nuna tsagar da ke kumatuna, daga baki zuwa kunne, ya ce wannan fa, da ƴan mata ke cewa ado ce, tsofaffi na cewa shaidar gida ce? Daga bisani, don mutumin kirki ne ko da ban so in yarda ba a lokacin, mushe ya faɗi gaskiya. Ya ce su kansu Nasara masu kalmar ba su gama gardama a kanta ba, manyan malamansu sun rubuta littattafai, kowa da abin da ya ce. Ya ce abu ne da in ka ji shi za ka gane, amma ba ya kamuwa da baki.

"Iska ma haka take," in ji malam. "Ka zo mini da abin da ba ka san iyakarsa ba, ta ina zan san inda ya ƙare, inda kiran aljani ya fara?"

Ina so in ce malam zalunci ya yi, amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Tambayar da ya yi, ni ma ita ke cina tun ranar da matar nan ta janye ɗanta. Ya juyo wajena.

"Kai da ka yi shi, ina ka samo shi?"

"Zuwa ya yi, Allah gafarta malam."

Nan take na san na kashe kaina da bakina.

"Wa ya aiko shi?"

Wani ya ce a kai maganar Lugu a tambayi dutsen tsafin da ake tambaya a can, malam ya yi masa kallon da ya sa ya sunkuyar da kai. Mahaucin nan ne ya kawo shawarar da aka tsaya a kai. Ya ce abin mai sauƙi ne, a samo godiyar bori, wato macen da iskoki ke hawa, wadda ba ta iya jin kira ta zauna. A zaunar da ita a fili da safe, ba turare, ba masu kaɗa ƙwarya, in goga mata abin nan tun daga farko har ƙarshe. In ta faɗi, an san mai kiɗan. In ba ta faɗi ba, to surutun tsagiya ne kawai, a ƙyale ni. Malam ya yi ta juya abin, don ba ya son a ce ya nemi shaida wurin ƴar bori. A ƙarshe ya ce ba a ƙofarsa ba, shi kuma daga nesa zai tsaya.

Aka shiga neman wadda za a kira, kowa ya ce ai ba a wuce gwaggona. Yayar ubana ce. Tun tana budurwa aka yi mata girkar bori, kuma daga Lugu har Geceme an san ko yaro ne ya yi wasa da taken doguwarta a bakin rijiya sai an riƙe ta. Tun da na tuba ba ta ƙara yi mini magana ba. Da na aika mata goro da salla, dawo mini da shi aka yi. Da na ji ita za a kira, na fid da rai. Na ce shi ke nan, matar nan ko iska ba ta zo ba za ta faɗi da gangan, don ta ga an kore ni daga sahu in koma gida in ci gaba da yi musu aikin ubana. Wa zai bambance faɗuwar gaske da ta ganganci? Malam dai ba zai iya ba.

Ta iso ana gobe za a yi, da azahar, a kan jakin wani ɗan ƙauyenmu. Ban san ta shigo gidan ba, ina inuwar rumbu ina bitar kiɗan. Akwai wani wuri kusa da ƙarshensa inda muryar ke gangarowa ƙasa, izga ta ja a hankali, kamar mutum zai faɗi magana ya fasa. Duk lokacin da na kai nan tsikar jikina ke tashi. Ina cikinsa na ɗaga kai na gan ta tsaye da ƙunshinta a hannu, na kuma ga kafaɗarta ta hagu ta motsa. Sau ɗaya ne, kaɗan. Na tsayar da izga.

"Sannu da hanya, gwaggo."

Ta amsa a taƙaice ta wuce wajen mata. Ni kuwa na zauna da abin da na gani. Na san motsin kafaɗar nan, tun ina ƙarami nake ganin sa kafin doguwa ta hau ta. Amma na kuma san mutum na iya motsa kafaɗa don ƙuda, ko don ƙunshi ya yi masa nauyi, ko don kawai kiɗa ya yi masa daɗi. Ko ta yi ne don in gani in tsorata? Na zargi gwaggo, na zargi mushe da ya tono maganar, na zargi mahauci, daga ƙarshe na dubi yatsuna na zarge su su ma. Jikan masu kiran iska ne ni. Wa ya ce hannu na tuba don mai shi ya tuba?

Da safe aka taru a filin bayan kasuwa. An shimfiɗa wa gwaggo tabarma, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora hannaye a cinya. Ƴan bori sun yi gungu a gefe ɗaya, ƴan unguwarmu a ɗaya gefen, malam can nesa a tsaye da sandarsa. Mushe ya baro yaransa a aji ya zo, littafin nan a hannu. Na zauna gaban gwaggo na ɗora gogen ubana a cinya.

Na fara. Farkon ya tafi lafiya, tsakiya ma haka. Idon kowa na kan gwaggo, nawa na kan kafaɗarta. Ba ta motsa ba. Ta ɗan karkatar da kai, idonta a buɗe, tana kallon ƙasa. Na fara matsowa wurin nan da muryar ke gangarowa. Na tuna wutar da malam ya ambata, na tuna sahun da na saba da shi. Da na iso bakin wurin sai na ɗauke yatsa, na tsallake, na faɗa kan saukar kiɗan na rufe. Na yi shi da tsabta, ko mushe da ya ji shi sau da yawa bai lura ba, shi kaɗai ma ya tafa.

Gwaggo na zaune yadda take. Mahauci ya matso ya tambaye ta ko wani abu ya zo. Ta ce ba abin da ya zo. Aka kai wa malam, ya gyaɗa kai, ya ce magana ta ƙare, in riƙe gogena, ya juya ya tafi. Ƴan unguwa suka zo suna ba ni hannu, har da mai barin tazara. Ƴan bori suka watse suna gunaguni. Na ci, gogen ubana ya tsira daga wuta, ni ma ban fita daga sahu ba.

Fili ya rage daga ni sai ita. Na tsuguna zan naɗe mata tabarma, kunya da murna sun cakuɗe mini, na ce, "Na gode, gwaggo. Na zaci za ki kayar da ni."

"Ka cire masa wani wuri," in ji ta.

Na ci gaba da naɗe tabarmar, ita kuma ta ƙara da cewa:

"Jiya da na shigo akwai inda ya yi ƙasa. Yau ban ji shi ba."

Na ce tsoro na ji. Na ce na ga kafaɗarta ta motsa, ban san ko doguwa ce ba. Ta ce ita ma ba ta sani ba, shi ya sa ta hau jaki tun daga ƙauye da tsufanta. Ta ce da kayar da ni take so, da ba ta bari na kai tsakiya ba.

"Ubanka ya yi mini kiɗa, kakanka ya yi mini. Da an fara sai a zo a ɗauke ni, in farka an gama, mutane na ba ni labarin yadda ya yi daɗi. Tun ina budurwa ban taɓa jin ƙarshen goge da kunnena ba. Da aka ce ɗan ƙanena ya yi wanda ba na kowa ba, na ce to wanga kam ba mai zuwa karɓa, zan zauna in ji shi duka."

Hawaye ya cika mini ido, ban damu da wanda zai gani ba. Na janyo gogen na ce bari in yi mata yanzu, tun daga farko, ba abin da zan cire. Ta ɗora hannu a kan tsagiyar ta danne.

"In ka yi na faɗi fa? Za ka je ka gaya wa malaminka?"

Na duba hanyar da malam ya bi, yana tafe a hankali bai ko kai kwanar kasuwa ba. Na so in ce zan gaya masa. Na so in ce ba za ta faɗi ba. Ba ɗaya da na iya faɗa, ita kuwa ta ba ni lokaci, ta jira har ya sha kwana. Sannan ta ɗauke hannunta, ta karɓi tabarmar daga wajena, ta ce in nemo mata mai jakin don tana so ta isa gida kafin rana ta yi zafi.

Na je na nemo shi.